Kuɗin Bijiman Kawu a Buhun Masara

Mun bar Kano ranar Litinin ana fitowa daga sallar asuba, ni da wani abokina mai mota, da niyyar mu je Doguwa mu ɗauko Kawu mu dawo kafin la'asar. Haka na tsara, haka kuma na gaya wa kowa. Waɗanda suka yi ta neman wayata a kwanakin nan ba su samu ba, ku yi haƙuri, ga abin da ya riƙe ni.

Kawu yayan mahaifiyata ne, manomi a wani ƙauye da ke bayan Doguwa. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ta kusa wata guda kwance a wani asibiti a cikin birni. Likitoci sun ce ƙari ne a cikinta, sai an yi aiki, suka sa ranar Laraba da sharaɗin a biya kuɗin kafin ranar. Mun yi karo-karo a dangi, abin da aka tara bai kai rabi ba. Kawu bai yi shawara da kowa ba, ya koma gida ya sayar da bijimansa biyu na huɗa, ya aiko a ce mini in zo in ɗauke shi, don ba ya son shiga motar haya da kuɗi a jikinsa.

Titin Zariya da sassafe ba laifi. Mun sha mai a bakin gari, abokina yana kallon lambobin famfon suna gudu yana salati ƙasa-ƙasa. Muka wuce Kura gonakin shinkafa sun yi kore shar, ruwa kwance a cikinsu. A kwanar Tiga, ƙasar Bebeji, masu kifi sun riga sun fito da farantansu, ɗaya ya biyo motar yana rantsuwa da asubar nan aka kamo shi, kifin kuwa idonsa ya nuna ya kwana biyu da barin ruwa. Ba mu tsaya ba sai Kwanar Dangora, inda muka karya. Mai shayin wurin yana da hannu, wannan na yarda. Amma ƙosan da a da ake zuba maka biyar a naira hamsin yanzu ɗaya ne, shi ma ya rame. Direbobin manyan motoci sun cika bencin, kowa da labarin hanya a bakinsa. Ɗaya daga cikinsu ya ce a satin nan an ƙara shingaye ta wajen daji saboda an ɗauke wani mutum a wani ƙauye. Na ji maganar, na ce Allah ya kiyaye, na ci gaba da shan shayina.

Daga Kwanar Dangora muka karya hagu muka kama hanyar Tudun Wada. Nan ne mota ta fara magana. Ramukan sun cika da ruwan sama, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Tudun Wada kuwa tun kafin ka shiga ƙamshin turaren shinkafa yake tarbarka. Ga injinan casa suna ta ƙugi, ga shanya an baje a gefen titi, mata suna tsaye a kanta suna kallon sama saboda hadari. Na tambayi kuɗin kwano, na ji, na yi godiya na koma mota.

Dajin Falgore shi ne inda hira take ƙarewa. Abokina, da bakinsa bai huta ba tun daga Kano, ya kashe rediyo ya kama sitiyari da hannu biyu. Daji ne mai kyau ƙwarai a ƙarshen damina, itatuwa sun rufe, ciyawa ta fi mutum tsawo, har wasu birai muka gani zaune a kan dutse suna kallonmu kamar su ne masu karɓar haraji. Amma ba wanda yake shiga nan don kallo. Kowace mota gudu take iya ƙarfinta, in ka hango sojoji sai ka ji numfashinka ya dawo. Da muka fito muka hango duwatsun Doguwa, abokina ya kunna rediyonsa ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ƙasar Doguwa sanyi gare ta, kuma masara ta yi kyau bana. Mun isa gidan Kawu da hantsi. Abin da na fara gani a ƙofar gida shi ne turaku biyu ba komai a kansu, igiyoyin suna yashe a ƙasa, garmar shanu a jingine da katanga. Kawu ya fito ya tarbe mu, muka durƙusa muka gaisa, bai ko waiwaya wajen turakun ba. Surukarsa ta kawo mana dambun masara da fura mai sanyi, muka ci muka yi nak. Da muka keɓe na tambaye shi kuɗin, ya ce suna inda suke. Na kawo shawarar mu tsaya a Doguwa wurin masu cirar kuɗi da na'ura a tura su asusuna, ya girgiza kai. Ya ce kuɗin maƙwabcinsa sun taɓa maƙalewa a iska har sati biyu, shi kuma Laraba yake da ita. Ban ja da shi ba. Na ɗauka suna cikin aljihun 'yar cikinsa, kamar yadda tsofaffi suke yi. Aka saka jakar kayansa a but ɗin motar, da buhun ɗanyar masara da ya ce tsarabar jikoki ce, muka kamo hanya bayan azahar.

Mun ratsa dajin lafiya. Har na fara lissafin inda za mu yi la'asar. Can gaba, kafin mu kai babban titi, muka tarar da shingen 'yan sanda, gangunan ƙarfe da gungumen itace. Ba zan faɗi daidai wurin ba, don ba ƙarar kowa na kawo ba. Wani kofur ya leƙo ta tagar baya inda nake, ya tambayi me muka ɗauko. Na ce masara ce da kayan sawa. Ya sake tambaya ko akwai wani abu, na ce babu. Kawu yana gaba, idonsa a kan titi.

Aka buɗe but. Kofur ɗin ya kwance bakin buhun ya fara zaro masara ɗaya-ɗaya, da alama ma yana zaɓar wadda zai roƙa ne. Sai hannunsa ya tsaya. Ya jawo wata baƙar leda da aka ɗaure tamau da robar tayar keke, a ciki wani tsohon zanin Inna, a cikin zanin kuma ɗaurin kuɗi. Duk wanda ya san abin da ake sayar da sa a yanzu ya san kuɗin bijimai biyu ba abin da za ka ce canjin cefane ba ne.

Nan take fuskoki suka canza. Wanda ɗazu yake zolayar abokina a kan tsufan motarsa ya gyara riƙon bindigarsa. Aka ce mu fito mu tsaya a gefe. Kawu ya yi ta bayani, cewa saboda ɓarayin daji ya ɓoye su haka, ba wanda ya saurare shi. Ni kuma aka juyo kaina: ba kai ka ce babu komai ba? Na rantse ban sani ba, na ga rantsuwar ma ƙara lalata abin take yi. A gaskiya in ka tsaya a inda suke tsaye, ga abin da za ka gani: maza uku sun fito daga wajen daji, a satin da ake neman masu kai kuɗin fansa, da maƙudan kuɗi a cikin masara, ɗayansu kuma ya ce ba komai. Dabarar da Kawu ya yi don ɓarayi ita ce ta sa muka yi kama da su.

Aka wuce da mu caji ofis, ɗan sanda ɗaya a motarmu, ledar a kan cinyarsa. Kawu idonsa bai bar ledar nan ba har muka isa.

Ofishin ƙaramin gini ne, fentinsa ya koɗe, da bishiyar darbejiya a gaba da babura da aka kama jere suna tsatsa. Sufeton da ya karɓe mu mutum ne mai sanyin magana, idanunsa jajaye kamar wanda ya kwana biyu bai runtsa ba. Bai zage mu ba, bai ɗaga murya ba. Ya sa aka ƙirga kuɗin a gabanmu, aka rubuta, aka zuba a wata jaka aka liƙe, ya sa hannu, na sa hannu, Kawu ya dangwala yatsa. Sannan aka ɗauki bayaninmu ɗaya bayan ɗaya. Da aka tambayi Kawu takardar cinikin shanun, ya ce babu, don ba a kasuwa ya sayar ba. Wani Bafulatani maƙwabcinsa ne ya zo har gida ya saya, ya biya shi hannu da hannu. Na ga sufeton ya ajiye biro da jin haka. Kuɗi daga hannun wani mutumin ruga a gefen Falgore, ba takarda, ba shaida.

Na faɗa masa maganar asibiti, na nuna masa hoton Inna a waya, na ce ya kira likitan. Ya duba hoton sosai, ya miƙo mini wayar.

"Malam, ban ce ƙarya kake ba," in ji shi. "Amma duk wanda muka tare da kuɗi yana da mara lafiya a asibiti. Ku kawo mini wanda ya ba dattijon nan kuɗin, da mai unguwarsu. In magana ta daidaita, ko sisi ba za ta yi ciwon kai ba."

Na fita waje na kira wani lauya da muka yi makaranta tare, ina sa ran zai ce an zalunce mu ya taho da gudu. Sai ya ce mini in kwantar da hankalina, doka ta ba su damar riƙe kuɗi ko kaya in suna da dalilin zargin yana da alaƙa da laifi. Abin da ba su da dama shi ne su riƙe ba rubutu, ko su riƙe har abada, dole ko su saki ko su kai kotu. Ya tambaya ko an ƙirga a gabanmu an ba mu shaidar karɓa, na ce an yi. Ya ce to hanya mafi sauri ita ce wadda sufeton ya faɗa, don in aka shiga kotu sai dai a yi maganar makonni. Na kashe wayar. Na fi son a ce wani ne ya yi mana ba daidai ba, da na san wanda zan yi wa faɗa.

A gindin darbejiyar nan akwai wani mutum, ba ɗan sanda ba ne, irin waɗanda ba ka rasa su a bakin kowane ofis, da hula a karkace da goro a baki. Ya matso ya yi mana jaje, sannan ya rage murya ya ce in za mu iya haƙura da wani abu daga ciki, shi ya san yadda za a yi mu kwana a Kano. Ban sani ba ko da gaske yana da hanyar, ko mu yake so ya wanke. Na dai kai wa Kawu maganar, don ni a lokacin na gaji har na fara ganin kamar mafita ce. Kawu ya ce kuɗin ko da aka haɗa da na dangi da ƙyar suka kai, in aka cire wani abu me zai kai asibitin? Mutumin ya taɓe baki ya koma wurin wasu da aka kama musu babur.

Da yamma aka ce muna iya tafiya mu dawo da shaidu, amma kuɗi da mota suna nan. Abokina yana da surukai a ƙasar Kiru, ta wajen Badafi, ya ce mu je can mu kwana. Kawu ya ce ba inda za shi. Akwai wani ɗan masallaci jikin katangar ofishin, ya shimfiɗa rawaninsa a ciki ya ce nan zai kwana, kusa da kuɗinsa. Ba yadda zan bar shi shi kaɗai, na zauna. Abokina ya hau acaɓa ya tafi, da safe ya dawo mana da kunu da ɗumamen tuwo a kwanon surukarsa. Sauron wurin kuwa, in da su ake turawa daji da an daɗe da gamawa da ɓarayi.

Ranar Talata na kama hanyar Doguwa ni kaɗai a motar haya, mu huɗu a kujerar baya, da buhun taki a kan ƙafata da wata tsohuwa mai kaji a gefena. Dajin da na ratsa jiya da faɗuwar gaba, yau ko tsoron ma ban samu ƙarfin ji ba. Daga Doguwa na hau babur zuwa ƙauyen Kawu. Mai unguwa na same shi a gona. Dattijo ne mai saurin fahimta, kafin in gama bayani ya saɓa fartanyarsa ya ce mu je, ya shiga gida ya sako babbar riga. Ya ce shi zuwansa ba wuya, wuyar tana ruga.

Rugar tana bayan wani rafi da ya cika, dole muka bar babur muka naɗe wando muka tsallaka da ƙafa. Muna isa na hango bijiman Kawu ɗaure a gindin wata ɗorawa, na gane su da farin goshin ɗayan. Mai su ya fito, dogon mutum siriri, furfura ta fara cin gemunsa. Muka gaisa, aka shimfiɗa mana tabarma, matarsa ta kawo kindirmo a ƙwarya. Mai unguwa ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Mutumin ya saurara har ƙarshe yana zane a ƙasa da tsinke. Matar tana daga bakin bukka, ta yi masa magana da Fillanci da sauri-sauri, ban ji abin da ta ce ba amma na gane ba goyon baya take ba.

Da ya buɗe baki, sai ya ce shi bai ci kuɗin kowa ba, shanunsa ya kai kasuwa ya sayar ya sayi waɗannan. Amma mu duba lamarin. Shi Bafulatani ne, gidansa a bakin daji, a ce ya shiga ofishin 'yan sanda da ƙafarsa ya ce shi ya ba da kuɗin da ake zargi.

"In na shiga, wa ya ce zan fito?"

Ni dai ba ni da tabbacin da zan ba shi. Na ce, "Baffa, ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Gobe ne aikin, shi ya sa na zo."

Ya tambaya ko jikin nata ya yi tsanani, na ce ya yi. Sannan ya juya ya yi wa matarsa magana a hankali, ta shige bukka ba ta ƙara fitowa ba. Ya ce mana duk 'ya'yansa Inna ce ta yanke musu cibiya, akwai wanda ta tsallako rafin nan cikin ruwan sama ta karɓi haihuwarsa. Ya ɗauko sandarsa, ya dube ta, ya mayar ya jingine, ya ce gara kada a gan shi da komai a hannu.

Mun iso ofishin bayan la'asar, mun ratsa dajin nan karo na huɗu a wurina. Kawu yana ganin maƙwabcin nasa ya miƙe ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Aka shiga da shi ciki. Tambayoyin da aka yi masa sun fi namu tsawo nesa ba kusa ba: wace kasuwa, wane dillali, shanu nawa, su wa ya sani a daji, ina 'ya'yansa maza suke kiwo. Mai unguwa ya ba da shaida, aka rubuta. Magana ta daidaita kamar yadda sufeton ya nema. Sai dai baturen 'yan sandan, wanda shi kaɗai ne zai sa hannu a saki kuɗin, ya tafi taro Kano, sai gobe. Kuma tun da ba a tabbatar da cinikin kasuwar ba tukuna, aka ce baƙon namu zai kwana a bayan kanta.

Mai unguwa ya yi magana har muryarsa ta dushe, ya ce a ba shi belinsa, shi zai tsaya masa. Sufeton ya ce ba shi da wannan ikon a kan maganar da ta shafi daji. Aka karɓi hular mutumin da takalmansa da ɗan madubin da ke aljihunsa. Da zai shiga ya waiwayo ya dube ni, ba da fushi ba. Na fi son a ce da fushin ne. A ranar nan Kawu ko ruwa bai sha ba, ya zauna a bakin masallacin yana fuskantar tagar ɗakin. Na kira 'yarsa da ke jinyar Inna na ce ta gaya wa likita ba za mu samu biya a yau ba. Ta ce to.

Baturen ya iso ranar Laraba da hantsi, a daidai lokacin da ya kamata a ce ana tura Inna ɗakin tiyata. Mutum ne mai kuzari, bai ɓata lokaci ba. Ya karanta bayanan, ya sa aka nemo lambar sarkin tiken kasuwar da aka ambata, wato shugaban masu cinikin shanu, ya kira shi a gabanmu. Sarkin tike ya ce ya san mutumin, ya san shanun da ya kawo, ya san wanda ya saya. Magana ta ƙare a cikin abin da bai kai shan shayi ba. Aka fito da jakar, aka nuna mana liƙin bai taɓu ba, aka sake ƙirgawa. Sun cika cif, wannan zan faɗa ko'ina. Aka ba mu makullin mota da takardar da ke nuna an bincika an saki.

Baturen ya ce wa Kawu ya yi haƙuri, ba a ce ya yi laifi ba, amma in suna barin irin waɗannan kuɗi suna wucewa ba tambaya, masu ɗaukar mutane ba za su taɓa rasa abinci ba. Kawu ya ce ya gane, Allah ya taimake su a kan aikinsu. Sannan ya ƙara da cewa, a hankali, kamar da kansa yake magana, "Kuɗin sun dawo. Larabar ce ban san wa zai dawo mini da ita ba." Baturen ya duba takardun gabansa.

Aka fito da maƙwabcin Kawu. Ya karɓi hularsa ya karkaɗe, ya sa takalmansa, ya je famfo ya wanke fuska. Na sayo masa shayi da burodi, ya ce ba ya jin yunwa. Na ce mu mayar da su gida da mota, mai unguwa ya ce a'a, mu kama hanyar asibiti, su za su hau ta haya. Kuɗin motar ma da ƙyar ya karɓa, shi kuwa Bafulatanin ko kallonsu bai yi ba. Da za su tafi ya ce wa Kawu ya gaishe da Inna, kuma kada a gaya mata inda ya kwana. Kawu ya bi motarsu da kallo har ta sha kwana, sannan ya goge idonsa da bakin rawani ya ce mu tafi.

Muka kamo hanyar Kano. Kuɗin suna kan cinyar Kawu a fili, takardar 'yan sanda a samansu. Masarar ta fara yaushi a but, muka bar wa masu facin taya a Kwanar Dangora. A wani shinge ta wajen Bebeji aka sake tare mu, kafin a tambaya na ce akwai kuɗi ga takarda, har ɗan sandan ya yi dariya ya ce mu wuce. Ruwa ya tsuge mana daga nan har Kura, abin goge gilashi ɗaya ne yake aiki.

A asibiti muka tarar an ba wani gurbin Inna, likitan kuma sai wani satin zai sake shiga tiyata. Muka je biya, mai karɓar kuɗi ta ce su ba sa karɓar tsaba, sai dai mu kai banki mu kawo takarda. Na dubi Kawu, Kawu ya dube ni. Abokina ne ya fara dariya, irin wadda ba ta da daɗi, har ya dafa bango. Muka bi layin banki muka biya ana gab da rufewa. Da muka shiga wurin Inna ta tambayi abin da ya tsayar da mu, Kawu ya ce hanya ce ba kyau. Ta dube shi, ta dubi rigarsa da ta kwana biyu a jikinsa, ba ta ƙara tambaya ba.

Na shiga gida bayan magariba, na yi wanka, na yi barcin da ban san inda kaina yake ba. An yi wa Inna aikin a satin da ya biyo baya. Ta sha wuya a kwanakin jiran, amma alhamdu lillahi an cire ƙarin, har ta fara shan kunu da kanta.

Abin da na koyo ba shi da yawa, kuma ba mai daɗi ba ne. In za ka yi tafiya da kuɗi masu nauyi, ka tafi da abin da zai nuna inda suka fito, ka kuma faɗa tun kafin a gano. In an riƙe, ka tabbata an ƙirga a gabanka an rubuta. In ka ɗauko dattijo, ka tambaye shi abin da ke cikin buhunsa. Na kuma gane cewa ana iya wahalar da kai matuƙa ba tare da kowa ya karya doka ba, kuma a irin wannan hanya wanda ya fi kowa gaskiya yana iya zama shi ne zai kwana a bayan kanta. Har yanzu ban san da me zan saka wa mutumin nan ba.

Jiya na je duba Inna, na sami Kawu a barandar asibiti yana jan carbi. Na ce masa in an sallame su zan kai shi banki a buɗe masa asusu, don kada irin wannan ta sake faruwa. Ya yi murmushi, ya ce Allah ya yi mini albarka. Sannan ya tambaye ni, yanzu kuma me zai zuba a ciki.